Akwatin Gilashin Don Eleuterio

Ranar 9 ga Maris, 1998, makon da na kama aikin magatakarda a maƙabartar garinmu, na fara ganin Don Eleuterio Bohórquez. Ya shigo ɗakin busassun gawarwakinmu da sanda da kwat mai sheƙi, ya gai da kowace gawa da sunanta, sannan ya tuna da ni.

Babban mutum ne. Ya taɓa yin kansila sau ɗaya, gari ya manta, shi bai manta ba. Da ya yi ritaya sai ya naɗa kansa jagoran baƙi, ba tare da ya wahalar da kowa da roƙonsa ba. Direbobin bas suka sa masa Wakilin Busassu, ya karɓa a matsayin sarauta.

A nan, a gurbi cikin bango ake sa gawa a toshe. In aka buɗe kabarin bango bayan shekara biyar don a ba wani wuri, wani a tarar da ƙasusuwa, wani a tarar da shi a bushe cif, har da gashin gira. Masana sun zo daga Bogotá, sun auna, sun koma ba amsa. Don Eleuterio yana da ita.

"Gwatila ce, jama'a," yakan ce wa baƙi. "Gwatila da kyan hali. Kabari ba ya cin mutumin kirki. Ku dawo wata rana, za ku same ni a tsakiyar ɗakin nan."

Ba wasa yake ba. Gwatila, koren ɗan itacen nan mai lami kamar ruwan wanki, ita yake ci safe da yamma. Matarsa Doña Praxedis ta dafa, ta soya, ta gasa, har ta daina gayyatar baƙi. Ya sa kafinta ya haɗa masa akwatin gilashi, ya shiga ya kwanta don gwaji a ɗakin busassun, hannu a ƙirji, ido a rufe. Wata baƙuwa ta leƙa, ta raɗa wa mijinta cewa wannan bai bushu da kyau ba.

Misiá Tránsito ce mai sayar masa da gwatilar a kasuwa. Ita soyayyen naman alade take ci, ta kora da giya. In ya yi mata wa'azi sai ta ce, "Ci abinka, ranka ya daɗe. Ni aladuna nake ba wa, kuma ban ga wanda ya bushe ba."

Ita da Don Eleuterio a wata ɗaya suka rasu, aka sa su bango ɗaya. Bayan shekara biyar, ranar buɗe kabarinsa, gari ya taru, har da 'yan badujala, kamar yadda ya yi wasiyya. Aka fasa bangon. Ƙasusuwa ne, tsaf-tsaf, a cikin kwat. Kwat ɗin kuwa, da yake na leda ne, ko maɓalli bai rasa ba. Aka fasa na kusa, sai ga Misiá Tránsito cif, kamar za ta faɗi farashi.

Doña Praxedis ta daɗe tana kallo. "Shekara ashirin ina dafa abin nan," in ji ta. Ta juya ga 'ya'yan marigayiyar ta ce su ɗauki akwatin, kada a yi asarar gilashi.

Ƙasusuwan Don Eleuterio suna ƙaramin gurbi a bayan coci. Misiá Tránsito tana tsakiyar ɗaki. Akwatin ya yi mata tsawo, don haka aka naɗe kwat ɗin aka tokare mata ƙafafu. Baƙi sukan tambayi inda aka sayi yadin.