Shaidun da Na Kai Banki

Ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kwashi shaidu na kai banki a Fordham Road ba. Eh, shaidu. Manya biyu masu furfura, kamar mai zuwa neman aure.

Ga yadda abin ya faro. Na daɗe a garin nan na Amurka ina tuƙin tasi, ina kwana a wani ɗaki a unguwar Highbridge wanda ko kaza aka saka a ciki sai ta yi ƙorafi. Takardun matata da yara sun fito, suna Zariya suna jiran in ce su taho, ni kuwa ba inda zan sauke su. Na samu gida mai ɗaki biyu a unguwar Mount Hope, na je da kuɗina a aljihu. Mai gidan ya duba kwamfuta, ya girgiza kai, wai ba ni da tarihin bashi. Na ce alhamdu lillahi. Ya ce a'a, ai matsalar ke nan.

Ka ji ƙasa! A garinmu wanda ba ya cin bashi shi ne mutumin kirki. A nan kuwa in ba ka taɓa ci ka biya ba, ba su ma san kana numfashi ba. Ni da kullum nake bugun ƙirji a majalisar direbobi cewa tunda na zo Amurka ko allura ban taɓa ara ba. (Na maimaita maganar nan har ni kaina na fara yarda da ita.)

Direbobi suka ce in nemi katin bashi, irin wanda ke maido maka da ɗan canji a kan duk abin da ka saya, kashbak suke ce masa. In riƙa shan mai da shi, in biya kafin wata ya ƙare don kada ruwa ya hau kaina, a hankali tarihin zai ginu. Na nema ta waya, suka ƙi. Na sake, suka ƙi, da dogon Turanci. Ni a ƙaramar sakandare na ajiye biro, amma na tsinci abin da suke nufi: ba su san ni ba.

Ba su san ni ba? Ai wannan mai sauƙi ne. A gida in ɗan kasuwa bai san ka ba, sai ka kawo wanda zai tsaya maka. Na ɗauki Alhaji Mamman, dattijon Damagaram mai sayar da turare da huluna a bakin titi, wanda in ya yi gyaran murya a masallaci kowa ke yin shiru. Na haɗa da Bitrus, mutumin Kafanchan, mai tura marasa lafiya a asibiti, abokina tun ranar da na sauka. Na ce Musulmi ɗaya, Kirista ɗaya, duk addinin da manajan yake bi ba shi da mafita. (Har yau ina ganin dabarar nan ba ta da laifi.)

Muka shiga, ni da babbar riga ta sha sitaci, sai ƙamshi nake. Aka kai mu teburin wata yarinya baƙa mai tabarau, tana zuba Turanci kamar ta haɗiye rediyo. Na yi mata bayani da ɗan nawa. Kafin ta buɗe baki Alhaji ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga yatsa sama.

"Madam, wallahi tallahi bawan Allahn nan bai taɓa cin bashin kowa ba! Bitrus, faɗa mata!"

Bitrus ya fassara. Duk mutanen da ke layi suka juyo. Yarinyar ta ce cikin ladabi ai abin da ya hana a ba ni katin ke nan, banki so yake ya ga mutum ya taɓa ci ya biya.

Sai na ga idon Bitrus ya kawo haske. Ya dafa kafaɗata.

"Au, bashi suke so? Mutumina, ai ka ci jarrabawa!"

Ya juya gare ta, murya har bakin ƙofa, yana Turanci yana komawa Hausa don Alhaji ya ji. "Mutumin nan gwani ne. Lokacin da motarsa ta lalace, damina da sanyi a kan bashi ya ci abinci wurin Hajiya mai tuwo. Rigar sanyin da ya fara sawa a ƙasar nan tawa ce, sai da ta yage ya maido. Kuɗin gyaran birki ma ni na ba shi."

Na taka masa ƙafa. "Rufe mini baki, munafuki! Tsire ni za ka yi a gaban 'yar mutane?"

Alhaji kuwa da ya fahimci iskar ta juya, bai yarda a bar shi a baya ba.

"Gaskiya ne! Turaren da ke jikinsa yanzu haka bai biya ni ba. Amma zai biya!"

Gumi ya karyo mini cikin sitaci. Abu ɗaya ya rage mini, na ce ai dai rabin tonon sililin da Hausa aka yi shi. Sai yarinyar ta sauke tabarau, tana danne dariya.

"Baba, ku zauna. Ina jin Hausa ƙanana-ƙanana. Mamana 'yar Zangon Kumasi ce. Hajiya mai tuwo kuma yayarta ce." Ta dube ni da kyau. "Ashe ku ne mai tasin da ke cewa a ƙara miya, za a haɗa a biya?"

Da ƙasan bankin nan ta tsage, da na shige har da hulata.

Amma Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta ce kwamfuta ba ta karɓar rantsuwa, sai dai akwai kati na irinmu marasa tarihi. Za ka ajiye kuɗinka jingina, su ba ka katin daidai abin da ka ajiye, har da ɗan kashbak ɗin. In kana biya a kan kari, sunanka zai fito.

Na ce, "'Yata, wato in ba ku kuɗina, ku ranta mini kuɗina?"

Ta ce, "Haka ne, Baba."

Na sa hannu. Me zan yi? Bitrus yana ta faɗin ai shaidarsa ce ta yi aiki.

Watanni suka wuce ina shan mai ina biya, har kwamfutar ta yarda cewa ni mutum ne. Wancan gidan ya tafi, amma na samu wani a bene ɗaya da shi. Ranar da na ga matata tana shanya tabarmar salla a ɗakinmu, yara suna faɗa kan wa zai kwana kusa da taga, na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Canjin farko da katin ya maido mini, wurin Alhaji na kai shi, na biya turaren.

Yanzu in ana hirar bashi a majalisa, shayina nake sha. Kuma duk wanda ya ce mini zai kai shaida wani wuri, shawara ɗaya nake ba shi: ya nemi wanda bai san shi sosai ba.