Nomau da Simintin Haƙorin Inna

A Unguwar Magina akwai wani bawan Allah wai shi Nomau, mai kwaɓa wa magina ƙasa. Su biyu ne a gida, shi da uwarsa Inna Tabawa. Nomau ba shi da mugunta ko ta anini, amma in ka ce masa tsaya, to sai ka dawo ka ce tafi. Ita kuwa Inna, haƙorin tauna ɗaya ya rage mata, shi ma ya hana ta sakat. Likitar haƙori ta duba ta ce saiwar ce ta huje, za ta liƙe da wani siminti na musamman. In ya kama, haƙori ya tsira. In bai kama ba sai cira, Inna ta koma kunu da koko har abin da hali ya yi.

Wata rana likita ta ce masa, "Ranar aikin ka zo ka taya ni." Ita nufinta ya riƙe wa tsohuwa hannu. Da ranar ta zo, sai ga Nomau da shebur a kafaɗa, da tulun makuba a ka, irin wadda ake zubawa a yaɓe don ya yi ƙwari.

"Malam Nomau, wannan fa?"

"Ranki ya daɗe, kwaɓin da ba makuba ai damina ɗaya ne."

Ta danne dariyarta, ta nuna masa ɗan farin gari da bai cika farce ba. "Wannan garin ɗigon ruwa kawai yake so. Ruwa ya yi yawa, ba ƙwari. Wani abin kuma in ka ƙara, ya kama da wuri amma ya rage ƙarfi. Kada a ɗora komai a kan aikina." Nomau ya zauna, hannu ɗaya riƙe da Inna, ɗaya riƙe da shebur, har aka gama.

Wata rana ya tuna likita ta ce simintin sai da danshi yake kamawa. To shi ya san yadda ake yi wa bulo. Ya ɗauki buta ya shiga bin Inna, tana tsince shinkafa yana gefe, tana sallame salla yana tsaye.

"Inna, buɗe a yi ban ruwa."

"Kai ɗan nan, ni bulo ce?"

Amma ta buɗe, don tausayinsa take ji. Ranar ta sha ruwa har tuwo ya rasa wurin zama.

Wata rana Inna ta tafi barka, sai ga Goggo Delu, ƙanwar babansa, da ƙullin magani: kanumfari, tsamiya, da ɗigon ruwan batir. Ta ce, "Ka cusa shi a haƙori yau ɗin nan. Kada ka zubar, kada ka dawo min da shi." Ta tafi. Nomau ya zauna yana jujjuya ƙullin. Likita ta hana, Goggo kuma ba a yi mata musu. Can dai ya buɗe baki ya cusa a nasa haƙorin.

Kafin la'asar kuncinsa ya kai tulu. Inna ta dawo ta yi salati, ta ja shi asibiti. Likita ta ga yadda dasashinsa ya saɓule, ta ji abin da ke cikin ƙullin. Sannan ta duba haƙorin Inna, ta ƙwanƙwasa, ya yi ƙam.

Ta ce, "Da wannan tsamin ya taɓa simintin tun bai kama ba, da yau cira za mu yi."

Inna ta dubi ɗanta, hawaye ya zubo mata. Shi kuwa da kyar ya iya motsa baki.

"Inna, ginin ya tsaya?"

"Ya tsaya, ɗan albarka. Taho mu je in dama maka kunu."