Nomau da Halittun Kindirmo

A ƙauyen Dogon Marke akwai wani mutum, Nomau, wanda duk abin da ka faɗa masa haka zai ɗauke shi, ba ragi ba ƙari. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Delu wadda kullum take cikin ba maƙwabta haƙuri saboda shi, da mahaifiyarsa Iya Tabawa mai daddawa. Wayo kam babu, amma yana son tsohuwar nan kamar ransa. To, Iya ta yi mako uku tana shan kafso don gyambon ƙafa. Ƙafa ta warke, gudawa ta kama ta. Kwana shida tana zaryar bayan gida, idanu suka faɗa, zani ma ya daina zama a ƙugunta. Nomau ya kasa zaune ya kasa tsaye.

Wata rana ya goya ta zuwa ƙaramin asibitin garin. Malama Saratu, mai duba marasa lafiya, ta ba da ruwan gishiri da sukari, ta ce a bar kafso. Ta yi masa bayani cewa a hanjin kowa akwai ƙananan halittu masu amfani, kafson ya kashe su tare da masu cutar, kuma kindirmo mai kyau cike yake da irinsu, sai dai dole su shiga cikin Iya da ransu. Nomau ya sauke Iya a gida ya nufi kasuwa a guje. Ya bi masu nono ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga faifai yana leƙa ƙwarya, wai sai ya ga wadda halittunta suka fi motsi. Da ya kai ƙwarya ta tara, mai ita ta ɗaga masa ludayi, ya saya ba shiri. A hanya ya riƙa tafiya kamar mai taka ƙaya, kada ya girgiza su jiri ya kama su. Tun hantsi ya fita, sai la'asar ya iso.

Wata rana Delu ta tuna masa Malama ta ce zafi yana kashe su, a ajiye a wuri mai sanyi. Nomau ya taɓa randa, bai gamsu ba. Ya taɓa ƙarƙashin gado, bai gamsu ba. Sai ya ɗaura wa ƙwaryar igiya ya zura ta a rijiyar unguwa. Ko rabi ba ta kai ba ta kife. Ranar duk wadda ta ja guga sai ta ga ruwa fari, mata suka yi ca a ƙofar gidansu. Shi kuwa yana bakin rijiya yana zagaye, abin da ke damunsa daban.

"Delu, ko sun iya ruwa?" ya tambaya.

Delu ta ɗauki wata ƙwaryar ta tafi kasuwa da kanta.

Wata rana, bayan Iya ta fara sha, Malama ta ce su ma halittun suna bukatar abinci, ayaba da wake da ganye. Nomau ya dawo ya zuba ɗanyen wake da zogale cikin kindirmon, ya tsuguna yana jira su ci. Delu ta zubar, ta ce Iya ce za ta ci, sannan su samu. Da Iya ta ci, sai ya kara kunne a cikinta, ya ji ƙugi. Hankalinsa ya tashi, ya ce faɗa suke yi a kan ayaba, ya shiga ba su haƙuri. Iya ta yi dariyar da rabonta da ita tun kafin ciwo, ta kai masa dundu.

Wata rana, zaryar ta fara raguwa ke nan, sai ga Kawu Jatau, yayan Iya, mutumin da ba a mayar masa da magana. Ya ce maganin nono wasan yara ne. Ya zaro ƙunshin kafso ja da ruwan ɗorawa da ya saya wurin mai talla, ya ce a ba ta huɗu-huɗu daga gobe. Delu ta san Malama ta ce a bar kafso, amma wace ce ita da za ta musa wa Kawu? Kawu ya miƙa wa Nomau ƙunshin.

"Ka ajiye inda hannu ba zai kai ba."

Nomau ya ɗora a kan katanga, ya ga hannunsa ya kai. Ya soke a rufin ɗaki, ya taka turmi, ya ga ya kai. Ya zagaya gidan sau uku yana gumi, daga ƙarshe ya shiga bayan gida ya jefa a masai, ya zura hannu har kafaɗa don ya tabbatar.

Washegari Kawu ya ce a kawo magani. Nomau ya kai shi bakin ramin ya nuna masa, yana murna. Kawu ya bi shi da sanda har bakin kasuwa, ya yi fushi ya koma garinsu. Da Malama Saratu ta ji, ta ce da Iya ta sha waɗannan, da sai an kwantar da ita a babban asibiti, in ma an kai ta da rai.

Bayan kwana huɗu Iya ta ɗaure zaninta tamau, ta fito tsakar gida ta cinye malmalar tuwo biyu. Nomau ya tsaya yana kallonta har ta suɗe hannu, sannan ya jawo tabarma ya zauna.