Agwagwar da Ta Tafi da Iyakar Filina

Ranar da na ci jarrabawar dillancin filaye, da ƙyar nake amsa sallamar tsofaffin dillalan Haɗejiya. Takardar shaidar kuwa a zaure na rataye ta, don kada wani ya shigo bai gani ba.

Hajata ta farko wani fili ne a bayan gari. Da rani na gan shi, shimfiɗe kamar tabarma. Ban tambayi kowa komai ba. Ina ruwan mai takarda da tambaya?

Sai tsakiyar damina na samu mai saye, wani Alhaji daga Kafin Hausa da ke son gina siton shinkafa. Tun a mota nake cika baki: "Alhaji, ko gobe ka fara gini."

Muka isa, ashe kogi ya riga mu. Ruwa iya ganinka, har da wani a kwalekwale yana kamun kifi.

Alhaji, mutumin kirki, bai yi dariya ba. Ya ce, "Malam, ina iyakar filin?"

Maimakon in ba da haƙuri, sai na gyara hula, na miƙa hannu: "Daga waccan agwagwar zuwa..." Agwagwa ta yi iyo ta tafi abinta.

Shi Alhaji ya rufa min asiri. Direbansa ne ya baza ni a gari.

Har yau Sarkin Ruwa ake ce min a majalisa. Ko a tsakar gida ruwa ya taru, sai maiɗakina ta leƙo: "Maigida, wannan fuloti nawa zai yi?"