Ranar da Na Kashe wa Unguwa Kuran

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata ba, kuma ko na so in manta, mutanen unguwarmu a Gaya ba za su bar ni ba.

Lokacin sojoji ba su daɗe da karɓe mulki ba, Najeriya ta yanke mana kuran, wato wutar lantarki. Sai mu kwana uku fanka ba ta juya ba. Haushi ya ishe ni, na sayo panno shida, allunan nan masu samar da wuta daga rana, na jera a rufin gidan surukina, Alhaji, inda za a yi biki. Na ce a mayar da gurub ɗin da aka yi haya, wato injin ba da wuta, ƙararsa ma ciwon kai ce.

Malam Idi, mai gyaran wuta, ya ja ni gefe. "Wutar rana ba ta da tabbas, gajimare ɗaya ya ishe ta. Sai da batir. Kuma ka sauke makunnin da ke raba gidan da layin gari, kada su haɗu." Na ce masa ni ma na yi lakwal, ba shi kaɗai ya je makaranta ba. (Na yi, amma tarihi nake koyarwa.)

Da azahar komai tsaf. Firigo yana sanyi, lasifika tana tashi, maroƙi yana yi mini kirari: "Ga surukin da ya sa rana aikin gayya!" Har na gyara zaman hula.

Sai hadari ya taso daga wajen kogi. Fanka ta fara jan ƙafa, muryar maroƙi ta koma ta tsohon bunsuru. Ashe makunnin nan ban sauke ba, ƴar wutata tana zurarewa gidajen maƙwabta, kowa yana lasa. Na fusata, na tsaya tsakiyar fili ina zagin hadari, ina zagin masu yanke kuran, ina cewa ɓarayin wuta sun cika unguwa.

Ina cikin faɗan aka dawo da kuran na gari. Ya yi karo da nawa. Tau! Akwatin da ke juya wutar panno ya yi hayaƙi, wani abu ya fashe a kan falwaya, unguwa duka ta mutu. Can ƙetaren titi muna jin yara suna murnar kuran ya zo. Mu da muka jira kwana uku, ko minti ɗaya ba mu sha ba.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Gaban baƙin da suka zo daga garin Malanbil da dangin ango ya dube ni, ya ce, "Malam, sojoji da Najeriya sun bar mana kaɗan. Kai ka ƙarasa."

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Mako guda unguwa ba wuta, ni kuwa ina zagayawa ta bayan kasuwa don kada in gaisa da kowa.

Har yau ina jin haushi, amma na gane wanda ya kamata in zaga. Yanzu ko kwan fitila zan canza, sai na kira Malam Idi. Shi kuma sai ya tambaye ni, "Yau babu lakwal ne?"