Buhun da Ban Zura wa Hannu Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan 'yata Hauwa'u ba, kuma ko na yi niyyar mantawa mutanen unguwarmu ba za su bari ba. Ban ga laifinsu ba. Da wani ne ya yi abin da na yi, da ni ne zan fi kowa tuna masa.

Ni manomi ne, ɗan manomi. Ƙauyenmu yana bayan Zugu, sunansa ba zai amfane ku da komai ba tunda yanzu ko kaza babu a cikinsa. Ɓarayin daji suka shigo mana bayan girbi, suka kwashe abin da baburansu za su iya ɗauka, suka cinna wa rumbunan wuta. Yayana ya tsaya gardama a kan shanun huɗarsa, a nan muka rufe shi. Na kwaso Inna da matata Luba da yara muka yo Gummi, wani bawan Allah ya ba mu aron kango a bakin gari, ɗaki biyu da rufi, sauran kuma sararin Allah. Karatuna a farkon sakandare ya tsaya, amma cikin 'yan gudun hijirar da muka zo tare ni ne mai iya karanta fasta, don haka sai na zama ɗan bokonsu. (Ku riƙe wannan a ranku, don ku san irin jagoran da Allah ya haɗa su da shi.)

Wanda bai taɓa cika rumbu ba, ba zai gane abin da yake ci mini rai ba a lokacin. Ni ne mai fitar da zakkar dawa, a ƙofar gidana mabuƙata suke tsayawa. Sai ga ni ina dako a kasuwa, in dawo da ɗan awo a leda, in kawar da kai kada in haɗa ido da Luba da tsohon cikinta. Yunwar ciki ana iya jure ta. Abin da ya gagare ni shi ne a ce ni ake ciyarwa.

Ana cikin haka wasu mata suka fara zagaya kangayen da muke. Matan zumunta ne na wani ƙaramin coci da ke bayan tasha, yawancinsu mutanen wajen Zuru. Shugabarsu ana ce mata Mama Saratu, mai injin niƙa ce, doguwa, ba ta da yawan fara'a. Sukan zo da masara a kwanuka, wani lokaci da sabulu ko tsofaffin zannuwa. Ranar da suka iso ƙofarmu na tare su tun a waje. Na ce mun gode, amma gidan nan ba a bara. Na ce muna da gwamnati, kuma abin da gwamnati za ta ba mu ba sadaka ba ne, haƙƙinmu ne, tunda ita ta kasa tsare mu. Mama Saratu ta dube ni ta ce, "To, Malam, Allah ya kawo." Suka wuce. Na shiga gida na kafa doka: duk wadda ta karɓi ko ƙwaya ɗaya daga hannun matan nan, ban yafe ba. Inna ta ci gaba da jan carbinta kamar da bango nake magana.

Zaɓe ya matso, sai masu tunawa da mu suka yawaita. Wani ɗan takara (ba zan faɗi sunansa ba, ba kuma zan faɗi kujerar da yake nema ba) ya turo wakilinsa, wani matashi mai ƙamshin turare da kowa ke kira Kodineta. Shi ya ɗora mini hular jam'iyya a gaban jama'a ya ce daga yau ni ne Sarkin Yaƙin 'yan gudun hijira. Mutumin da ya gudo daga yaƙi ko takalmi babu, shi aka naɗa Sarkin Yaƙi, kuma na karɓa har da jinjina. Kodineta ya ja ni gefe ya ce in sa ido a kan matan cocin nan, ba don Allah suke yi ba, ko dai addinin 'ya'yanmu suke nema ko ƙuri'unmu suke tara wa 'yan adawa. Maganar ta yi mini daɗi, domin ta mayar da girman kaina ya zama kishin addini. Na dinga yawo da ita kango kango.

Ranar rabon tallafin gwamnati aka tara mu a filin makaranta tun safe har rana ta take. Yawancin mutane taliya suka samu da ɗan gishiri. Ni kuwa, da yake Sarkin Yaƙi ne, buhun masara guda aka ba ni, sabon buhu fari ƙal, an buga hoton ɗan takara yana murmushi, an ɗinke bakinsa da jan zare. Na ƙi hawa babur. A ka na ɗauko shi na bi ta tsakiyar kasuwa don a gani.

A nan ne wautar take. Tunda nake ban taɓa sayen hatsi ban zura hannu har gwiwar hannu ba, in damƙo na ƙasa, in shinshina, in tauna. Ubana ya koya mini haka tun ban kai tsawon buhun ba. Amma wannan ban ko taɓa zarensa ba. Na dire shi a gaban Inna na ce, "Ga abincin suna nan, daga gwamnati. A adana." Ta ce, "To."

Luba ta sauka lafiya, mace. Ƙaninta Sani ya zo daga Adabka da ɗan akuya a bayan babur, wanda da ba don shi ba da ban san abin da zan yanka ba. Ni kuwa na ƙudura a raina cewa sunan nan shi zai nuna wa duniya har yanzu ni magidanci ne. Na gayyaci kowa, har da Mamman Tela, maƙwabcinmu ɗan adawa wanda ba mu taɓa zama ba mu yi musu ba. Na gayyaci Kodineta. A 'yan kwanakin nan ina ganin ana shiga da manyan tukwane ta baya, ban tambayi na wa ba ne. Namiji ba ya tambayar tukunya, haka na ɗauka.

Aka raɗa suna da safe, aka raba goro da dabino. Da hantsi aka fara fito da tuwo, fari sol, da miyar kuka da ta ji daddawa. Muna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, tsakaninmu da mata zana ce kawai, ana jin motsinsu suna jin namu. Mutanen da suka daɗe ba su ci sun ƙoshi ba suka ci suka yi shiru. Ni ma na ci, kuma a raina har yaba wa gwamnati nake da iya zaɓen masara.

Sai ga Kodineta da wayarsa. Ya ce, "Sarkin Yaƙi, ka ɗan yi wa Oga godiya mu tura masa. Ka ɗaga murya."

Na miƙe na gyara hula. Na gode wa Allah a gurguje, na gode wa ɗan takara a tsanake. Na ce duk wanda ya ci tuwon nan ya san hannun da ya ciyar da shi, ranar zaɓe kada ya manta. Da na tsaya a nan da da sauƙi. Amma na ga waya tana kallona, sai na ƙara. Na ce akwai wasu masu buga ƙararrawa da ke yawo da kwano suna neman sayen imaninmu da masara, to su sani gidan nan bai taɓa cin nasu ba kuma ba zai ci ba, gara mu kwana da yunwa. Na lura mutane sun sunkuyar da kai, wani yana wasa da bakin tabarma. Na ɗauka maganar ce ta ratsa su.

Kodineta ya ce a kawo buhun in riƙe, hoton Oga ya fito. Na ce wa Sani ya shiga ya ɗauko. Ya jima, sannan ya leƙo.

"Yaya, ba ya ɗaukuwa."

"Buhun wofi ne ba ya ɗaukuwa?"

Sani da wani suka jawo buhun ƙiii har tsakiyar tabarma, cike, sai dai an ɗan farke gefen bakinsa an ɗaure da tsumma. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni sai na juya ga waya na ce, "Kun ga albarka ko? An ci an ƙoshi, ga buhu kamar ba a taɓa ba." (Wallahi haka na ce. Akwai shaidu, suna nan da ransu.)

Na kwance tsumman na zura hannu don in damƙo in nuna. Hannuna ya nutse cikin wani abu mai ɗumi kamar toka. Na fito da shi: gari ne baƙi-baƙi, da ɓawon masara da aka huje, da dunƙulen fumfuna. Warin ruɓa ya tashi. Ƙwari suka biyo hannun rigata suna hawa, wasu suka bazu a kan tabarma har mutane suna janye ƙafafu. Masarar nan ta shekara nawa a sito, Allah kaɗai ya sani. Ko akuya aka zuba wa sai ta yi fushi.

Mamman Tela ya leƙo ya duba a hankali, ya ce, "Sarkin Yaƙi, ashe har da nama anka haɗo muku."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da na fi jin sauƙi.

Daga bayan zana muryar Inna ta fito, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji. "Kai, rufe bakinka hakanan. Tun randa kak kawo shi munka duba. Tuwon da kac ci, masarar Saratu ta. Ita tan niƙa, ita tat tuƙa, ga ta nan tana kankare tukunya. Tun da cikin Luba yat tsufa nata muke ci. Kai ɗai ne ba ka sani ba."

Gaskiya ne kuwa, ni kaɗai ne. Duk mazan da ke kan tabarmar nan matansu suna karɓa, kuma sun sani. Watanni ina shiga gidajensu ina yi musu wa'azi, suna gyaɗa kai da masarar a cikinsu, ni ma da ita a nawa. Kodineta ya sauke waya ya ce wannan daga wajen 'yan kwangila ne, za a bincika, ya hau mota. Ba ka jin komai sai ƙarar cokali a gindin tukunya. Mama Saratu ba ta fasa kankarar ba, ba ta kuma ƙara sauri ba. Na tsaya da hannu ɗaya a sama, ƙwari suna shiga hammatata, na rasa ko zama zan yi ko shiga gida.

Washegari Inna ta sa aka jera tukwanen a ƙofar ɗakina. Ta ce, "Kai za ka mai da su. Da rana."

Na ari baro na tura, ta cikin kasuwar da na bi da buhu a ka. Na sami Mama Saratu a wajen injinta, gari ya yi mata fari har gira. Ta kashe injin ta ce, "Angon ƙarni, sannu da hidima. Ya mai jego?"

Na ce lafiya lau. Tun daga gida nake shirya maganar ban haƙuri, amma da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, "Tukwanen nan da nauyi."

"Da nauyi," in ji ta. Ta duba cikinsu ɗaya bayan ɗaya ko an wanke da kyau. Sannan ta ce, "Jiya ka ce muna buga ƙararrawa. Ba mu da ita, Malam, tsohon ƙarfen tayar mota muke bugawa. Ɗan takara ma ba mu da shi. Amma abu ɗaya ka faɗa daidai tun ranar farko, haƙƙinku ne. Ka je ka karɓo mai kyau, don mu ba gwamnati ba ne. Kwano kwano muke tarawa ranar Lahadi, kuma mu ma namu sun gudo daga ƙauyuka suna kwana a cocin. Abin ya kusa ƙarewa."

Ta shiga ta fito da ƙullin gero da 'yar kanwa ta ɗora a baron. "Na kunun Luba ne, ba naka ba. In dokarka tana nan, sai ka sauke."

Na tsaya ina kallon ƙullin. A gida babu komai sai ƙashin akuyar jiya, ga mace tana shayarwa. Na kama hannun baro na juya. Ban ce na gode ba sai da na yi nisa, kuma ban san ko ta ji ba, don ta riga ta tayar da injin.

An yi zaɓe, mutumin ya ci, ban sake jin ƙamshin turaren Kodineta ba. Gonata tana can, ciyawa ta cinye ta. Har yau ina kan bakana cewa ciyar da wanda aka kora daga gonarsa aikin gwamnati ne, kwanon matan zumunta ba zai riƙe gari ba, su ma ba su ce zai riƙe ba. Sai dai a shekarar nan kwanon ne ya riƙe gidana, ni kuwa ina tsaye a kansa ina zagi.

Mamman Tela har yanzu in na wuce shagonsa sai ya ce, "Albarka, ina zuwa?" Sunan ya bi ni, Sarkin Yaƙi ya mutu. Ba na amsawa, ba na kuma yin fushi. Abin da na ɗauka dai ɗaya ne: yanzu kowa ya ba ni buhu, ko daga Gusau ya fito ko daga masallaci ko daga bayan tasha, hannu nake fara zurawa har gwiwa. Baki kuma ya jira layinsa.