Mutum na Goma a Bas ɗin Bamgol

Ka taɓa ganin shugaban matasa mai shekara sittin da tara? In ba ka taɓa ba, to ba ka yi sa'ar haɗuwa da Maeng Chun-sik ba: dagacin Bamgol, shugaban matasanta, sakataren ƙungiyar manoma, mai riƙe da makullin ɗakin taro. Muƙami huɗu, mutum ɗaya, kuma duk ya ci su ba hamayya. Masu hassada na cewa don shi kaɗai ya rage da ke iya hawa tsani ya canza ƙwan fitila. Masu hassada ba sa rasa abin faɗa.

Ranar da ya bar Bamgol, shekara arba'in da bakwai da suka wuce, akwai mutum ɗari huɗu da goma sha biyu a ƙauyen, gida tamanin da uku, da makarantar da yara ke zama uku-uku a benci. Ya tafi Seoul a bas, da kwali ɗaure da igiya da dafaffen ƙwai shida, yana rantsuwa a ransa cewa ƙafarsa ba za ta sake taka wannan bas ba. Da ya dawo bara waccan ya tarar da mutum goma sha biyu, shi ya cika na sha uku. Gida tara ne ke hayaƙi. Makaranta ta zama wurin ajiye taki. Rabon da a ji kukan jariri shekara ashirin da uku, kuma wancan jaririn yanzu yana raba kaya a babur a Busan.

To me ya yi a Seoul? Tambaye shi, in kana da yini guda a hannu.

"Gida ɗari shida ne a hannuna," in ji shi. "Da idona na ga gonar shinkafa ta zama bene mai hawa ashirin da biyar. Ba mota ɗaya da ke shiga sai da izinina."

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Shi ke ɗaga sandar ƙofa. Shi ke karɓar saƙonni, ya ware kwalabe daga gwangwanaye, ya sara wa yaran masu gida. Daga wannan babban ofis ya dawo da hula, da usur, da wata baƙar mota mai sheƙi. Motar ta 'yarsa ce, ta ba shi aro da sharaɗi: ƙwarzane uku, ta karɓe makulli. An riga an yi biyu.

A jikin turken da ke kusa da tsohuwar bishiyar gari akwai lasifika huɗu. Tsohon dagaci kan yi minti ɗaya: taki ya iso, wance ta rasu, za a ci abinci a ɗakin taro. Maeng yana yin minti ashirin da biyu, kullum ƙarfe shida na safe.

"Gwaji, gwaji. Jama'ar Bamgol masu daraja, dagacinku ne. A Seoul, a daidai wannan lokaci, mutum miliyan sun riga sun fita aiki. Ku kuma fa?"

Bakwai daga cikin jama'ar masu daraja na sa na'urar ji a kunne, kuma shida saura minti biyar suke cire ta. Maeng ya ce bai taɓa ganin mutane masu ladabin sauraro irinsu ba. A bayan idonsa Lasifika suke ce masa. A gaban idonsa ma, in Kaka Ok-bun ce.

Kaka Ok-bun shekararta tamanin da huɗu. Ita ta goya shi lokacin da uwarsa ke dashen shinkafa, kuma ba ta bari ya manta. Bas ɗin nan mai zuwa sau biyu a rana shi ne ƙafarta: shi ke kai ta allurar gwiwa, shi ke kai ganyenta kasuwa. Ɗanta da ke Incheon ya daɗe da shirya mata ɗaki a hawa na goma sha tara, ya kuma faɗa mata ba wasa: ranar da bas ya daina zuwa, washegari zai zo ya kwashe ta. Ta taɓa kwana uku a can. Ta ce ko tagar ba ta buɗuwa sosai, kuma ba wanda ya amsa gaisuwarta a cikin akwatin da ke hawa da mutane.

Sai ga takarda daga ofishin gunduma. Za a turo ma'aikaciya ta ƙirga masu hawa bas a tashar Bamgol. In sun kai goma, bas ya zauna. In ba su kai ba, ya tsaya a bakin babban titi, kilomita bakwai daga nan. Dagaci ne zai zaɓi ranar ƙirge.

Abu ya zo da sauƙi. Kasuwar garin da bas ke zuwa duk bayan kwana biyar take ci, ran uku da takwas ga wata, sha uku da sha takwas, haka har wata ya ƙare. Ranar kasuwa mutum goma sha ɗaya ke hawa ba tare da an roƙi kowa ba, wato duk ƙauyen ban da tsoho Bong da ke kwance, ban da dagaci.

"Ka rubuta musu sha takwas ga wata, Auta," Ok-bun ta ce a ɗakin taro, tana yanka kabeji.

"Yaya, a wurin taro dagaci ake cewa."

"To, dagacin da ya yi mini fitsari a baya, rubuta sha takwas."

Maeng ya miƙe, ya gyara hula. "Wannan ƙirgen uku da takwas shi ya hana mu ci gaba. Duniya da mako take aiki. A Seoul, Litinin ce ranar cunkoso, mutum ba ya samun wurin sa ƙafa. Me gunduma za ta ɗauke mu in ta gan mu da buhuna da kaji? Litinin za a yi. Kowa ya sa kayan biki."

Ya rubuta Litinin, sha shida ga wata. Ya buga hatimi har sau biyu.

Kwana goma ya yi yana shiri, kuma a yaba masa, bai huta ba. Ya yi wa tasha fenti. Ya sa an buga kyalle mai tsawon mita biyar: BAMGOL, ƘAUYEN GOBE. Ya rubuta jawabi shafi huɗu. Abu ɗaya kawai ya tsallake, bai tambayi kowa ko zai zo ba.

Litinin ta waye da hadari. Su Pyo, mata da miji, barkononsu na shanye a gefen hanya, tabarma goma sha huɗu, suna so ya ƙarasa bushewa kafin kasuwar jibi. Wa zai bar barkono a ƙarƙashin hadari ya tafi kasuwar da ba ta ci? Suka ɗaga wa tasha hannu daga nesa, suka ci gaba da kwasa.

Bas ya iso takwas da minti goma. Ma'aikaciyar gunduma, wata matashiya mai suna Yeom, ta tsaya a ƙofa da ɗan abin ƙirge a hannu. Maeng ya busa usur, ya buɗe shafi na ɗaya. Yana cikin tarihin yadda ya ga an haƙa hanyar jirgin ƙasa a ƙarƙashin birni, tsofaffi suka yi ta hawa ɗaya bayan ɗaya, cikin kayan biki, ba inda za su. Ƙas, ƙas, ƙas. Abin ƙirge ya tsaya.

Ok-bun ta leƙo ta taga. "Auta! Mu tara ne. Hau."

"Yaya, ina jawabi."

"Ka ƙarasa a ciki, akwai kujera. Hau mana, ɗan nan!"

Yeom ta rusuna. "Baba dagaci, in ka hau, goma ke nan."

Maeng ya yi mata irin murmushin da manya ke yi wa yaran da ba su san duniya ba. Ya dubi matakin bas ɗin, ya dubi baƙar motar da ya kwana biyu yana gogewa.

"'Yata, dagaci ba ya cikin ƙirge. Shi ake kai wa ƙirge. Zan shige gaba in yi muku jagora zuwa gari. Sauran kuwa, ni da shugabanku za mu yi magana. Na san yadda ake waɗannan abubuwa a Seoul."

"Baba, wanda ya hau kawai nake rubutawa."

"Rubuta abin da kika gani, to. Kin ga kyalle, kin ga fenti."

Ta rubuta abin da ta gani. Tara.

"Chun-sik," Ok-bun ta ce, wannan karon a hankali, "taku biyu ne fa."

Bai ji ba, ya riga ya shiga mota. Ya ɗaga hannu ta taga yana gaida talakawansa, ya sa giyar baya maimakon ta gaba. Ƙarar ta kai har wurin masu barkono. Bayan shekara arba'in da bakwai, Maeng Chun-sik ya sake taɓa bas ɗin Bamgol, amma da bayan mota, kuma Yeom ta ce wannan ba ya shiga ƙirge. A wurin 'yarsa kam ya shiga. Ƙwarzane na uku ke nan.

Shugaban da zai yi magana da shi bai ɗauki waya ba, sau goma sha ɗaya. Ƙarshen wata bas ya daina zuwa. Washegari ɗan Ok-bun ya iso da motar kaya. Cikin tulunan miyarta goma sha bakwai, biyu kawai ya ce za su samu wuri a bene. Ta rarraba sauran, ta kulle gida, ta miƙa wa dagaci makulli.

"Ga na biyar," ta ce. "Ka haɗa da muƙamanka."

Da safe lasifika ta yi minti ashirin da shida. Dagaci ya sanar da jama'a goma sha biyu cewa a manyan biranen duniya tafiya a ƙasa ita ce sabon yayi, likitoci ma ita suke ba da shawara, kuma Bamgol ta riga kowa shiga gaba.

Daga tsohuwar bishiya zuwa bakin titi taku dubu goma da ɗari takwas ne, da hawan tudu biyu. In kana shakka, je ka gwada ranar kasuwa, ka ƙirga da kanka. Wajen taku na dubu shida za ka iske wani dattijo zaune a kan dutse, da hula da usur, rataye da jakunkunan cefanen tsofaffi bakwai, tunda shi ne shugaban matasa. Ka gaishe shi da ladabi, ka karɓar masa jaka biyu. Sai dai kada ka tambaye shi labarin Seoul, in kana so ka tarar da bas.